Zanen gari cikin hazon hunturu da fentin mai: a gama a zama ɗaya, ko a bi shi hawa-hawa?

Daga ƙarshen Nuwamba zuwa Fabrairu, Birnin Kebbi kan sauya kama. Iskar arewa maso gabas na kwaso ƙura daga Sahara, da yawanta daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi, ta lulluɓe gari. Rana kan fito wajen ƙarfe 7 fara fat ba kaifi, hasumiyar masallacin da ke bayan layi uku kuwa sai dai a ga alamarta. Ga mai koyon zane da fentin mai, babu lokacin da ya kai wannan gyara ido, domin hazo ya riga ya share ƙananan abubuwa, ya bar manyan siffofi a jere, na kusa da duhu, na nesa da haske. Sai dai kuma babu lokacin da ya kai shi cutar da ɗanyen fenti. Shi ya sa ya kamata a yanke shawarar hanyar da za a bi tun kafin a buɗe tiyub.

Hanyoyin biyu ne. Ko dai ka ɗora fenti kan fenti tun yana ɗanye ka kammala a zama ɗaya, abin da Italiyawa ke kira alla prima, ko kuma ka yi hawa na farko ka bar shi ya bushe, ka dawo ka ɗora na biyu, sannan na uku. Fentin da ake nufi shi ne na masu zane da ke zuwa cikin tiyub, wanda aka kwaɓa da wani man tsiro mai bushewa da ake kira man linsid. Fentin ƙofa da taga na gwangwani ba ya cikin zancen, don yana daskarewa kafin ka gama sarrafa shi.

Abin da ya raba hanyoyin nan shi ne yadda man linsid ke bushewa. Ba tsotsewa yake yi kamar ruwa ba, iskar oksijin yake sha a hankali har ya yi tauri. Saboda haka bushewar iskar hunturu, wadda ke busar da wanki cikin awa ɗaya, ba ta yi wa fentin mai wani abin kirki. Ruwan ƙasa na amba kan daina kama hannu cikin kwana 1 zuwa 2, farin taitaniyom da shuɗin altramarin da rawayan oka su kan ɗauki wajen kwana 5, inda aka yi kauri kuwa ya haura mako. Zanen hazo kuma fari ne ya fi yawa a cikinsa. Duk waɗannan kwanaki ƙura na sauka.

Kayan aikin ɗaya ne ko wacce ka zaɓa

Kala biyar sun isa. Da yake galibi sautu ake bayarwa daga Kano, Zariya ko Legas, ya fi aminci ka ba ɗan sautu lambar sinadarin da ke jikin tiyub: fari PW6, rawayan oka PY43 ko PY42, jan ƙasa na siyena PR101 ko PBr7, amba PBr7, sai altramarin PB29. Farin ya zama babba mai mililita 200, sauran ƙanana masu 37. Ka kauce wa farin zinki zalla, PW4, domin yana yin gautsi ya tsage idan ya tsufa. Baƙi ba dole ba ne: altramarin da siyena daidai wa daida suna ba da duhun da ya fi shi rai.

Buroshi masu faɗin baki na gashin alade ko na roba mai tauri, lamba 4, 8 da 12, da siriri guda ɗaya don wayoyin lantarki, da wuƙar haɗa fenti, da tsummoki. Abin tsinka fenti shi ne tafentin na masu zane ko farin sifirit mara wari. Kananzir na barin maiƙo, tinar masu fentin mota na cin hawan da ke ƙasa, fetur kuwa haɗari ne tsagwaronsa. Man gyaɗa da manja ba sa bushewa ko an shekara, kar su kusanci zanen.

Allo: filawud mai kaurin milimita 6, a goge da samfefa, a shafa jeso, wato farin shafen share fage da ake yi wa allo kafin zane, sau uku a gaba, sau ɗaya a baya da gefuna. Shafen bayan nan ba ado ba ne. Katakon da aka rufe wa fuska ɗaya kawai yana lanƙwashewa a bushewar hunturu. A ba jeso kwana 3 kafin mai ya hau kansa.

Zama ɗaya

Allon ya zama ƙarami, santimita 20 da 25, ko 25 da 30 in an matsa. Kana da awa ɗaya da rabi zuwa biyu kafin haske ya canza, don haka daga ƙarfe 7 da rabi zuwa 9 da rabi na safe, ko daga la'asar sakaliya zuwa gab da magariba. Ka samu wuri mai ɗan tudu, saman bene ko bakin shagon da ka nemi izinin mai shi, ka ba iska baya, allon kuma ya tsaya a tsaye, kar a kwantar da shi.

Fara da kashe farin allon. Ɗan oka da ɗan amba a tsinka da tafentin, a shafe ko'ina, a goge da tsumma har ya koma ruwan yashi. Sannan ka ja layin da ya yi daidai da tsayin idonka, ka sa ɗigo inda gefunan titi za su haɗu. Bakin kwanon rufi da saman katanga, duk abin da ya fi idonka tsayi, gangarowa yake zuwa ɗigon nan. Bakin kwalbati da gefen kwalta su kuma hawa suke. Minti goma ya isa wannan, da siririn amba.

Mataki na gaba shi ne wanda masu koyo suka fi tsallakewa, kuma shi ne gaba ɗayan aikin: haɗa kaloli da wuƙa kafin buroshi ya taɓa su. Tuli biyar ake so, daga haske zuwa duhu. Na sama, wato kalar sararin sama: fari kashi 10, oka kashi 1, ɗan ƙyas na siyena, ɗan ƙyas na altramarin don ya kashe zaƙin rawayan. Wannan awon farawa ne, ranar da hazo ya yi ja sai a ƙara siyena. Na duhu: altramarin da siyena ba fari. Uku na tsakiya kuwa daga waɗannan biyun za su fito, ana ƙara na sama cikin na duhu. Gine-ginen da suka fi nisa, na sama kashi 6 ko 7 da na duhu kashi 1, har sai da ƙyar ake bambanta su da sararin sama. Na tsakiyar titi, kashi 3 da 1. Na kusa, 1 da 1, a ɗumama da oka ko siyena gwargwadon kalar bangon. Amfanin wannan shi ne duk abin da ke cikin zanen yana ɗauke da kalar iskar ranar, kamar yadda yake a zahiri.

Sai a shimfiɗa. Duhun kusa da farko, siriri. Sannan na tsakiya, sannan na nesa, sannan sama, ana shigo da fentin sama cikin gefen rufi da ganyen dogon yaro don ya gyara siffarsu. Inda ginin nesa ya haɗu da sama, a ja busasshen buroshi mai tsabta sau ɗaya a kan iyakar, ta narke. Inda rumfar mai shayi ta kusa ta haɗu da abin da ke bayanta, a bar iyakar da kaifinta. Haske mai kauri shi ne ƙarshe: walƙiyar kwano, farar rigar mai wucewa, fitilar ɗan kabu-kabu da bai kashe ba. Falwaya da wayoyi a ja su da gefen wuƙa ko gefen kati, da tulin tsakiya ba da na duhu ba, kuma a bar layin ya yanke a wasu wurare. Wanda ba ya son zana mai rai, gari cikin hazo ya yi masa daidai: titi da rumfuna da hayaƙin murhu sun isa su nuna akwai jama'a.

Abin da ke ɓata wannan hanya guda uku ne. Na farko jagwalgwalo: buroshi ya yi ta kai da komo a wuri ɗaya, duhun ƙasa ya taso ya gauraye da hasken sama, komai ya koma ruwan laka. Maganinsa a ajiye fenti da shafa ɗaya ko biyu a ɗaga hannu, a goge buroshi a tsumma kafin a sake ɗiba, kuma a ware buroshin haske daban da na duhu. Wurin da ya riga ya lalace, a kankare da wuƙa har ƙasa a sake, ƙara masa fenti ba ya gyara shi. Na biyu, zanen ya fito kamar an barbaɗa masa alli. Farin taitaniyom na sanyaya duk kalar da ya shiga, don haka duk lokacin da ka ƙara fari ka bi shi da ɗan oka. Na uku, tagogi da ƙofofin nesa a yi su da baƙi ƙirin saboda mutum ya san ciki duhu ne. Ɗigon baƙi ɗaya a nesa ya isa ya kore hazon gaba ɗaya. Ka kanne ido ka duba: tagar da ke nisan mita 200 ba ta kai inuwar da ke gabanka duhu ba, ko kusa.

Game da ƙura, zama ɗaya na fuskantar haɗari sau ɗaya ne. Kana gamawa ka sa allon cikin kwali mai tsabta, fuskarsa ba ta taɓa komai, ka kai gida. Can a jingina shi da bango, fuska na kallon bangon, saman allon ne kawai ke taɓawa. Tsakuwa ko gashin da ya maƙale a bar shi zuwa gobe a ɗauke da tsinin wuƙa. Kar a kuskura a goge da ƙyalle.

Hawa-hawa

Nan aikin ɗaki ne, daga ƙananan zane-zanen da ka yi a waje ko daga hoto, kuma nan ne babban allo, 50 da 70 ko fiye, yake yiwuwa. Hawa na farko kala ɗaya ce, amba tsinkakke da tafentin ba a ƙara mai ba, ana goge wuraren haske da tsumma. Aikinsa ya daidaita siffa da haske da duhu ba tare da an damu da launi ba, kuma wannan babban sauƙi ne ga wanda layukan gini ke ba shi wahala: yana iya gyara baranda sau biyar ba asara. Bayan kwana 2 ya bushe.

Hawa na biyu shi ne launi, da tuli biyar ɗin nan dai. Fenti kamar yadda ya fito daga tiyub, ko da ɗan haɗin tafentin kashi 2 da man linsid kashi 1. A jira kwana 5 zuwa 7. A gwada da yatsa a inda ya fi kauri, idan ya yi danƙo ko ya lotsa, da saura. Hawa na uku haɗinsa 1 da 1 ne, kuma kar abin haɗin ya wuce kashi ɗaya cikin huɗu na fentin.

Dalilin ƙara mai a kowane hawa shi ne na sama ya fi na ƙasa laushi da jinkirin bushewa. Magini ya san abin da ke faruwa idan aka yi yaɓe a kan ginin da bai sha iska ba: na waje ya bushe, na ciki na motsi, sai tsaga. Haka fenti yake. Siririn amba da aka ja a kan farin sama mai kauri wanda bai gama bushewa ba, zai tsattsage, wataƙila bayan wata shida, lokacin da zanen ya riga ya tafi gidan mai shi.

Abin da hawa-hawa ke iyawa wanda zama ɗaya ba ya iyawa shi ne shafen hazo. A ɗebi tulin sama kaɗan a busasshen buroshi mai tauri, a goge mafi yawansa a tsumma, a gurza a kan busasshen ginin nesa har na ƙasa yana leƙowa. Hayaƙin mai ƙosai da ƙurar da mota ta tayar a hanyar Argungu, da wannan ake samunsu yadda ya kamata. Sai dai a kula da abu biyu. Fenti mai haske idan ya hau kan duhu siriri, shuɗi-shuɗi yake komawa, sai zanen ya yi kama da raɓar damina maimakon ƙurar hunturu. A ƙara masa oka da ɗan siyena fiye da yadda ido ke so a kan allon haɗi. Sannan kar a dogara da shi. Wanda ya zana gari tangaran da duhunsa, yana nufin ya rufe shi da fari daga baya, abin da zai samu shi ne gari a bayan gilashi mai datti. Hazo a hawa na biyu ake gina shi, shafen ƙarshe ƙari ne kawai. Shafe mai shara-shara, wato kala mai duhu da aka tsinka da mai, shi kuma na kusa ne: yana ƙara wa inuwar zaure zurfi da ɗumi, amma a nesa ɓarna yake yi.

Matsalolin wannan hanya sun fi yawa a yanayinmu. Kowane hawa na da nasa makon shan ƙura, kuma ƙurar da hawa na gaba ya rufe ta zauna ke nan. Dole kafin a ci gaba a share busasshen zanen da ƙyalle mai ɗan danshi, a bar shi ya sha iska. Rufe shi ruf a kwali na makonni ma ba mafita ba ce, don mai na bukatar iska, kuma man linsid da ya bushe a duhu yana yin rawaya. Rawayan kan washe idan aka fito da zanen haske na wasu kwanaki, amma kafin nan ya ruɗe ka wajen haɗa kala. Abin da ya fi shi ne kwali mai buɗaɗɗen gaba da aka yafa wa farin yadi mara kauri. Gidan sauro ba ya tare ƙurar hunturu. Akwai kuma dusashewa: wuraren amba su yi fari-fari ba sheƙi saboda hawan ƙasa ya shanye mansu. A shafa ɗan man linsid a wurin da za a yi aiki ranar kawai, a goge har kamar ba a sa ba.

Mai gaggawa na iya amfani da abin haɗi irin su Liquin na kamfanin Winsor & Newton, wanda ke rage jiran kusan da rabi. Idan za a sa shi, a sa tun daga hawan ƙasa, kar a ɗora shi a kan fenti mai jinkiri da bai bushe ba.

Aikin ɗaki a hunturu na zuwa da haɗari biyu da ba na wasa ba. Ana rufe tagogi saboda ƙura da sanyi, warin tafentin ya taru, ciwon kai da jiri su biyo baya. A bar taga ɗaya a buɗe ta ɓangaren da iska ba ta bugowa, gwangwanin tafentin kuma a rufe. Tsumman da ya sha man linsid, idan aka dunƙule shi aka jefa a lungu, yana iya ɗaukar zafi ya kama da wuta shi kaɗai, ga shi kuma lokacin gobara ne. A jefa su cikin gwangwani mai ruwa da murfi, ko a shanya su a buɗe a waje.

Wanda dusar ƙanƙara yake so ya zana

Da yawa abin da ya ja su ga wannan fanni hotunan biranen Turai ne cikin ƙanƙara, kuma ba laifi. Sai dai lissafin ya sha bamban. A hazo sama ce ta fi komai haske, tazarar haske da duhu ƙarama ce, launi na karkata ga rawaya. A ƙanƙara ƙasa da rufi ne suka fi haske, sau da yawa har sun fi sama, bango da itatuwa su yi duhu sosai a kansu, inuwa kuma ta yi shuɗi a ranar da gari ya washe domin hasken sama ne ke faɗa mata. Farin tiyub zalla a wuri biyu ko uku kawai ake sa shi. A dubi zanen rufin gidajen Faris da Gustave Caillebotte ya yi a 1878: mafi yawan ƙanƙararsa ruwan toka ce. Da yake daga hoto za ka yi aiki, haske ba ya gudu, hawa-hawa ta dace. Amma kyamara na ƙone wuraren haske ta toshe inuwa, kuma ba ka da abin da za ka leƙa ka gwada. Ido a kan abin da yake gani yake koyo. Camille Pissarro daga tagar otal ya yi jerin zanensa na titin Montmartre a 1897, ciki har da na safiyar hunturu. Claude Monet ya fara zanen hazon Landan a bakin kogin Tems tsakanin 1899 da 1901, ya ƙarasa su a gidansa na Giverny, aka baje su a 1904. Dukkansu da kallon zahiri suka fara.

To wacce za a ɗauka?

Mai koyo ya ɗauki zama ɗaya, ba tare da wani kokwanto ba. Cikin makonni huɗun da hawa-hawa za ta ci a kan zane guda, zai iya yin ƙanana goma sha biyu, kuma haɗa tuli biyar sau goma sha biyu shi ne karatun. Fenti na tafiya da yawa a kowane zama, gaskiya ne, amma allon ƙarami ne, kuma ba a bukatar man haɗi ko ɗaki na musamman. Ya zaɓi wuri ɗaya, ko kan titi a unguwar Gesse ta Birnin Kebbi ko bakin kasuwar Jega ko gaɓar ruwa a Argungu, ya riƙa komawa, don ranar da hazo ya yi kauri da ranar da ya yi sauƙi darasi biyu ne daban.

Hawa-hawa ta wanda aka ba aikin babban zane ce, ko wanda ginin da yake so, irin ƙofar fada mai ado, ke bukatar layi daidai, kuma yana da ɗakin da zai iya karewa daga ƙura. Wanda hannunsa bai faɗa a layukan gini ba amma yana son saurin zama ɗaya, akwai tsaka-tsaki mai kyau: ya yi hawan amba a gida daga hoton da ya ɗauka da waya, ko ma da fentin akirilik wanda ke bushewa cikin minti 30, sannan ya fita da allon ya ɗora launi a zama ɗaya. Mai na zama a kan akirilik, akirilik ne ba ya zama a kan mai.

Banish kuwa, wato shafen ƙarshe mai sheƙi da ke kare zane, ko ta wace hanya aka bi, sai bayan wata 6 aƙalla, mai kauri har shekara. Zanen Janairu ke nan zai cika wata shida a Yuli, tsakiyar damina, kuma banish da aka shafa cikin laima yana yin fari-fari kamar gajimare. A jira ƙarshen Oktoba zuwa farkon Nuwamba, ruwa ya ɗauke, ƙura ba ta iso ba, a share zanen, a kwantar da shi, a shafa siriri sau ɗaya da buroshi mai faɗi, a kifa masa kwali na awa biyu kafin a tayar da shi.